Ku bar dauɗar kunne ta yi aikinta

A cikin kayan da ba sa kwantai a teburin ɗan tireda, ko a Nima ta Akra ne, ko a Zangon Kwatano, ko a Birikiteri ta Yawunde, akwai 'yar robar nan mai cike da tsinkayen auduga. Arha gare ta, ba ta lalacewa, kuma kusan kowane gida yana saye. Amarya tana jera ta a gaban madubi, mai jego tana sa ta cikin kayan wankan jariri, maigida yana ajiye ɗaya a mota. Wanda bai saya ba kuma yana da nasa makamin: tsinken ashana, makullin babur, murfin biro, gashin kaza. Duk yaƙi ɗaya ake yi, da abin nan da muke kira dauɗar kunne, wasu su ce dattin kunne, wasu kashin kunne.

Waɗannan sunaye ma su suka fara ɓata ta. Wa zai yarda ya zauna da dauɗa a jikinsa? Amma tun da na fara bin diddigin maganar, ina karatu ina tambayar ma'aikatan asibiti, abin da na gane shi ne a gidajenmu an juya al'amarin. Ana farautar mai gadin gida da tsinke, ɓarawon gaske kuma yana wucewa ta zaure ana gaishe shi.

Daga ina take zuwa?

Ramin kunnen babban mutum, daga ƙofa zuwa dodon kunne, bai wuce kimanin santimita 2 da rabi ba, wato kamar tsawon gaɓar yatsa ɗaya. A ɓangaren da ke kusa da ƙofa, kashi ɗaya cikin uku na ramin, fata tana da wasu 'yan mitsi-mitsin kafofi, dangin waɗanda ke fitar da gumi da maiƙo a sauran jiki. Abin da suke fitarwa shi ke haɗuwa da matacciyar fatar da ke saɓulewa, sai ya zama abin nan mai danƙo. Ke nan ba daga waje ta shigo ba. Jiki ne ya ƙera ta da gangan.

Aikinta kuwa ba ɗaya ba ne. Tana kama ƙura da ƙananan ƙwari kafin su isa can ciki. Tana shafe fatar ramin kamar yadda man kaɗanya ke hana ƙafa kaushi, don kada ta bushe ta tsage. Tana da ɗan tsami wanda ke hana ƙwayoyin cuta da fumfuna sakewa, kuma tana hana ruwan wanka jiƙa fatar. Duk wanda ya wuni a Dantokpa ko Kejetiya lokacin hunturu ya san yawan ƙurar da ke shiga hanci. Kunne ma yana samun kasonsa, dauɗar nan ce ke tare ta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kunne yana share kansa. Fatar ramin ba tsaye take ba, tana tafiya a hankali daga dodon kunne zuwa waje, kusan irin tafiyar da farce ke yi in yana girma, tana ɗauke da tsohuwar dauɗa a bayanta. Motsin muƙamuƙi wajen magana da tauna yana ƙara turo ta. In ta iso ƙofa sai ta bushe ta faɗi, ko a goge ta wajen wanka. To ɗan kasuwar da ke wuni yana ciniki da goro a bakinsa, ai shi kam tsintsiyarsa ba ta hutu.

Launinta ma ba abin tsoro ba ne. Sabuwa takan yi rawaya-rawaya da laushi, wadda ta daɗe ta sha ƙura takan yi duhu har ta kusa baƙi. Kuma iri biyu ce a duniya, gado ake yi. A shekarar 2006 masu bincike a Japan suka gano ƙwayar gadon da ke raba su. Yawancin mutanen Afirka da Turai tasu mai danƙo ce, yawancin mutanen Sin da Koriya da Japan kuma tasu busasshiya ce, tana fita ɓurɓushi-ɓurɓushi. Na kawo wannan ne saboda 'yan'uwanmu masu zuwa sari ƙasar Sin, waɗanda kan dawo da ƙananan cokulan sosa kunne, wasu har da 'yar fitila a baki, suna cewa ai can kowa da shi yake amfani. Ko can ɗin likitocin kunne ba sa murna da abin, balle a kunnen da dauɗarsa take kamar ƙaro.

Abin da tsinke ke yi a ciki

Tsinken audugar nan wani mutum ne mai suna Leo Gerstenzang ya ƙirƙiro shi a Amurka a shekarar 1923, shi ne daga baya ya zama Q-tips. Ku duba bayan kwalin manyan kamfanonin da ke yin sa, za ku ga sun rubuta gargaɗi cewa kada a cusa shi cikin ramin kunne. Mai kaya da kansa ya faɗa, mai saye ne bai karanta ba.

Dalili mai sauƙi ne. Kan audugar ya kusa cika ramin. In an tura shi, ɗan abin da ya manne a jikinsa shi ake gani a ce kunne ya fita, amma mafi yawa an danna shi ciki, kamar mai ɗurin bindigar gargajiya. Can ciki kuwa ba wurin zamanta ba ne. Yau a danna, gobe a danna, har ta dunƙule ta yi tauri ta toshe hanya. Daga nan sai mutum ya fara jin kunnensa ya yi dum, magana tana zuwa kamar daga cikin rijiya, wani har da ƙara ko jiri. Sau da yawa abin yakan bayyana ne bayan wanka, domin ruwa ya taɓa ta ta kumbura.

Na san wani dattijo mai sayar da atamfa, abokin mahaifinmu, wanda ya shafe watanni yana ce wa masu ciniki su maimaita. Ran da ya ji jaka biyar a inda aka ce jaka biyu, aka yi ta cacar baki har mutane suka taru, ran nan ya fara barin yaronsa a gaban shago shi ya koma ciki. Kowa ya ce tsufa ne, shi ma ya yarda. Da 'yarsa ta matsa aka je asibiti, sai aka tarar kunnuwan biyu a toshe suke. Kwana kaɗan na ɗiga mai, aka wanke, ya dawo kan kujerarsa. Tsufa yana rage ji, wannan gaskiya ne, amma kada a yanke wa tsoho hukunci tun ba a haska kunnensa an duba ba. Tsofaffi ma sun fi kowa samun wannan toshewa, domin tasu dauɗar takan fi bushewa.

Akwai kuma maganar ƙaiƙayi. Mutum zai ce ai ba don datti nake sosawa ba, ƙaiƙayi yake mini. To susar ce ke haifar da shi. In an kankare man da ke shafe fata, sai ta bushe, ta yi ƙaiƙayi, a sake sosawa, ta ƙuje, ƙwayar cuta ta samu ƙofa. A garuruwan bakin teku irin su Duwala da Lome da Kwatano, inda iska take a jiƙe kusan duk shekara, fumfuna tana son kunnen da aka kankare. Masu irin wannan sukan ga wani abu fari ko baƙi-baƙi kamar jiƙaƙƙiyar takarda yana fita, da ƙaiƙayi mai hana barci. Wannan na asibiti ne, kuma yakan ɗauki lokaci kafin ya rabu da mutum.

Mafi muni shi ne hujewar dodon kunne. Kaurinsa bai fi na takarda ba. Uwa tana zaune tana sosa kunne, yaro ya rugo ya bangaji gwiwar hannunta, shi ke nan. Yawanci yakan haɗe da kansa cikin makonni, amma ba kullum ba. Kuma tunda muna kan wannan: mari a kan kunne yana fasa dodon kunne sarai. Iyaye da malamai da iyayen gida masu yaran shago, a ji wannan. Duk laifin da yaro ya yi, kunne ba wurin duka ba ne.

To me za a yi?

Ga mai lafiyayyen kunne, kusan babu. Bayan wanka a naɗa tawul ko tsumma mai tsabta a yatsa, a goge fatar kunne da bayansa da bakin ramin, iyakar inda yatsa ya tsaya. Shafar kunne da muke yi a alwala ma tana kwashe abin da ya iso ƙofa. Jariri kuwa ko kusa kada a sa masa komai a ciki.

In kunne ya toshe, babu ciwo, babu ruwa, kuma ba a taɓa cewa dodon kunnen ya huje ko an yi masa aiki ba, ana iya gwada man zaitun mai tsabta. A kwanta a gefe, a ɗiga biyu ko uku, a jira minti biyar zuwa goma, sau uku a rana, kwana uku zuwa biyar. Man yana tausasa ta ne don ta samu fita da kanta. Kada a ɗora shi a wuta. A kwanakin farko toshewar tana iya ƙaruwa kafin ta saki. In bai buɗe ba sai a tafi asibiti, inda za su haska su gani kafin su taɓa, sannan su wanke da ruwa mai ɗumin jiki, ko su zuƙe da na'ura, ko su ciro da ƙarfe suna kallon abin da suke yi. Ɗumin ruwan ma da dalili: mai sanyi ko mai zafi yana sa jiri nan take.

Masu yawo a tasha da kasuwa da 'yan ƙarafuna suna ƙwaƙule wa mutane kunne, ban raina neman halalinsu ba, amma aiki ne a cikin duhu, da ƙarfen da ya fito daga kunnen wani yanzu-yanzu.

Ruwan da ba dauɗa ba

Nan ne inda nake so iyaye mata su tsaya da kyau. Dauɗa tana da danƙo, ba ta gudu, ba ta ɗoyi. In aka ga ruwa yana gangarowa daga kunnen yaro, fari ko rawaya ko mai jini-jini, yana ɓata matashi, yana wari, ƙuda na bi, wannan mugunya ce. Ciwo ne. Amma sau nawa muka ji an ce ai na haƙori ne, ko in ya girma zai daina?

Ga yadda abin yake faruwa. Akwai wata 'yar hanya da ta haɗa bayan hanci da ɗakin da ke bayan dodon kunne. Ita ce kuke jin ta buɗe ɗas in kun haɗiyi yawu a jirgi ko a hawan dutse. A jikin ƙananan yara gajera ce kuma a kwance take, shi ya sa mura ke saurin bi ta nan. Mugunya ta taru a ɗakin, ta matse dodon kunne, yaro ya kwana yana kuka yana jan kunne, jiki da zafi. Can sai dodon ya fashe, ruwa ya fito, zafin ya sauka, yaro ya yi barci. Uwa ta ce alhamdu lillahi ya samu sauƙi. Ciwon ne ya ragu, amma ƙofa ta buɗe. In ruwan ya wuce mako biyu yana zuba, ya fara zama mai naci, kuma irin wannan yana cin jin yaro a hankali. Wani lokaci yakan bi ta ƙashin bayan kunne, har ya kai ga lulluɓin ƙwaƙwalwa. Kumburi a bayan kunne, ko sandarewar wuya, ko karkacewar baki a yaron da kunnensa ke ruwa, ba abin jiran gobe ba ne.

Ku duba halin da 'ya'yanmu suke ciki a ƙasashen da muke zaune. A gida Hausa, a layi Tuwi ko Fon ko Fulatanci, a makaranta Faransanci ko Turanci, da yamma kuma allo. Yaro mai lafiyayyen kunne ma yana shan fama, ina ga wanda rabin magana ke wuce shi? Shi ne za a ce daƙiƙi ne, ko mai kunnen ƙashi, a mayar da shi bencin baya, a ƙarshe a cire shi a kai shi shago, inda can ma kunnen ake buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara daga abubuwan da za a iya karewa yake zuwa. In yaro yana ƙure sautin talabijin, ko yana juyo da kunne ɗaya in ana magana, ko bai waiwayo in an kira shi daga baya, ko ya yi jinkirin fara magana, a kai shi a auna jinsa kafin a kai ga bulala.

Kunnen da ke ruwa ba a ɗiga masa ruwan albasa, ko tafarnuwa, ko nonon uwa, ko manja, ko turare, ko ruwan ganye. Man zaitun ɗin da na ambata ma ban da nan. Duk abin da aka zuba zai wuce ta hujin ya shiga ciki. Haka maganin ɗigawa na kemis da aka saya ba tare da an duba kunnen ba: wasu suna ɗauke da sinadarai irin su jentamaisin da niyomaisin, waɗanda kan iya lalata ji in suka ratsa ta dodon da ya huje. Abin da za a yi kafin a isa asibiti shi ne a goge ruwan da ya fito da tsumma mai tsabta, kuma a hana ruwan wanka shiga, ko da da 'yar auduga da aka shafa wa basilin a bakin ramin, a cire bayan wanka.

Kariya kuma ba ta da tsada. Shayar da nono zalla wata shida yana rage ciwon kunne. Kada a ba jariri madara a kwalba yana kwance ɗai-ɗai. A nisanta shi da hayaƙin sigari da na itace a rufaffen ɗaki. Sai rigakafi, wanda mu masu tsallaka iyaka muka fi kowa sakaci da shi ba da niyya ba: an fara allura a Maraɗi ko Sakkwato, an taso Kumasi, kati ya ɓace a hanya. Ƙyanda da hangum da sanƙarau duk suna iya barin yaro kurma. Manyanmu ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma sai a 2010 aka fara ba da allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar. Katin rigakafin yaro ya kamata ya zauna ne wuri ɗaya da takardun tafiya. Zazzaɓin Lasa ma, wanda ake samu a Najeriya da Benin da wasu maƙwabta, yana barin kimanin mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke da matsalar ji.

Wake, kyankyaso da batir

Yara suna cusa abubuwa: wake, ƙwayar masara, dutsen ado, guntun soso. Kada a bi da tsinke, turawa za a ƙara yi. Kada kuma a zuba ruwa a kan wake ko masara, kumbura za su yi. In ɗan ƙaramin batir ne irin na agogo ko na kayan wasa, kada a ɗiga komai, a ruga asibiti a lokacin, domin yana ƙona nama cikin 'yan awoyi. Ƙwaro kuwa, wanda ya fi samun masu kwana a shago ko a tasha, in kunnen lafiyayye ne a ɗiga mai ya kashe shi don ya daina fafutuka, sannan a je a ciro.

Ƙara

Ba zan tsawaita a nan ba, don kowa ya san inda yake wuni. Janareta a ƙofar shago, injin niƙa, injin walda da yankan ƙarfe, lasifikar mai tallan magani, hon ɗin 'yan zemijan, sannan a dawo gida a toshe kunne da iyafis har barci. A can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu kama da gashi waɗanda ke karɓar sauti. In ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, babu mai, babu allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti. Ma'auni mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye nisan hannu ɗaya ya ji ka, ƙarar wurin ta yi yawa. A matsar da janareta nesa, mai aiki da inji ya sayi abin toshe kunne, a rage sautin waya. Iyafis ɗin ma yana danna dauɗa ciki kamar yadda tsinke ke yi, kuma ba abin aro ba ne.

In za a je asibiti

Sashen da ake nema shi ne na kunne da hanci da maƙogwaro. A Gana da Najeriya ENT za ku tambaya, a Benin da Togo da Nijar da Kamaru da Cadi kuma ORL. Manyan asibitocin koyarwa irin su Korle Bu a Akra da Komfo Anokye a Kumasi suna da shi, kuma ga mai komawa gida akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Amma yawancin abin da na lissafa, ƙaramin asibitin unguwa mai fitilar duba kunne zai iya farawa da shi. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya, a wasu garuruwa akan yi gwaji kyauta a lokacin, sai a riƙa sa kunne a rediyo.

Mutum biyu ne kada su jira ko ranar kasuwa ta wuce. Na farko wanda ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke ɗif, ba mura ba ruwa. Yana iya zama dauɗa, amma yana iya zama jijiyar ji ce, kuma ita maganinta yana aiki ne in an fara shi a kwanakin farko. Na biyu mai ciwon suga da kunne ke masa ciwo ko ruwa, domin a jikinsa ciwon yakan ci har ƙashi.

In harshen ƙasar bai zauna muku ba, ku tafi da wanda zai fassara, kada kunya ta sa a yi ta gyaɗa kai. Ku faɗi kwana nawa abin ya yi, kunne ɗaya ne ko biyu, da ko an taɓa ganin ruwa a baya. Duk abin da aka riga aka ɗiga a gida, ko na kemis ne ko na gargajiya, ku sa kwalbar a aljihu ku nuna wa likita.